Daga Kundi zuwa Mujalla: Yadda Ake Shirya Maƙalar Bincike a Miƙa Ta



    Shugabannin makarantu, ma'aikatan lafiya, malaman gona, da ɗalibai maza da mata na nan Danchadi da waɗanda suka taso daga Sifawa da Boɗinga da Shagari, har da waɗanda suka yi sammako daga Sakkwato, ina gaishe ku baki ɗaya. 

An nemi in yi magana a kan yadda ake shirya maƙalar bincike har a miƙa ta ga mujallar kimiyya. Wani zai ce, me ya haɗa Danchadi da mujallar kimiyya? Amsar tana can cikin ɗakunan ajiya na makarantunmu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975 aka kafa ta, ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga sauran manyan makarantu, kuma kowace shekara ana ɗaure kundaye ana jerawa. A cikin kundayen nan akwai ruwan rijiyoyinku da aka auna, da jinin shanunku, da ƙasar fadamunku. Ɗalibi ya zo da kwalabensa, kun buɗe masa gida, ya ɗebi abin da zai ɗiba, ya karɓi digiri, kundin ya hau kanta ya zama abincin gara. Ma'aikacin lafiyar da ke duba yaran garin nan bai taɓa jin abin da aka gano ba. Wanda ke tsara kasafin kuɗi a Abuja ma haka. To amfanin wa aka yi wahalar?

Ku ga abin da bugawa ke iya jawowa, a nan kusa da mu. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wato cutar nan mai cinye naman baki da fuska, wanda aka buɗe a 1999. Shekara da shekaru likitoci suna rubuta abin da suke gani suna bugawa. Farfesa Cyril Enwonwu ya yi rubutu a kan cutar a manyan mujallun likitanci na duniya a 2006. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara tallafa wa asibitin a 2014, ta haɗu da ma'aikatan asibitin suka buga bincike a 2018 kan abubuwan da ke jefa yaro cikin haɗarin kamuwa da ita. A watan Janairun 2023 gwamnatin Nijeriya ta miƙa buƙata ga Hukumar Lafiya ta Duniya a madadin ƙasashe 32, kuma a watan Disambar shekarar hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Da me aka kafa hujja? Da abin da aka buga. Da rubuce-rubucen nan sun tsaya cikin aljihun tebur, babu abin da za a ɗora a gaban hukumar.

Zan kawo batutuwa shida. Wasu zan daɗe a kansu, wasu in taɓa in wuce.

Na farko: wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Muna zaune ne a ƙaramar hukumar da Shehu Usmanu ya zauna, a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. Malam Abdullahi yana da littafi guda, Ida'un Nusukhi, wanda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. Me ya sa malami kamarsa zai zauna ya yi wannan? Domin a wurinsu ilmi sai da isnadi: wa ya gaya maka, shi kuma a ina ya samo? Mai kwafar littafi kan gwada kwafinsa da na asali kafin ya sake shi. Marubuci kan kai aikinsa ga wani masani ya duba ya yi masa taƙarizi. Wanda ya je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato zai ga irin waɗannan rubuce-rubuce da idonsa.

Mujallar kimiyya ta faro a Turai a 1665, ɗaya a Faransa, ɗaya a Ingila ƙarƙashin Henry Oldenburg. Tsarinta ya sauya sosai tun lokacin, amma abin da take nema a wurinka bai wuce abin da malamanmu suka nema ba: faɗi abin da ka gani, faɗi yadda ka gan shi, faɗi wanda ya riga ka, sannan ka yarda wani masani ya bincike ka. Maƙala shaida ce. Duk sauran abin da zan faɗa yau daga nan ya fito.

Na biyu: kundi daban, maƙala daban.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya ɗauki kundi mai shafi 150 ya dinga yanka har ya koma shafi 15, ya ce ya rubuta maƙala. An rubuta kundi ne don a gamsar da masu jarrabawa cewa ka yi karatu. Mai karanta mujalla kuwa tambaya ɗaya yake so a amsa masa. Saboda haka kafin ka buɗe kwamfuta, rubuta tambayarka a jimla ɗaya, amsarta ma a jimla ɗaya. In ka kasa, lokacin rubutu bai yi ba tukuna. In kuma kundin yana ɗauke da tambayoyi biyu masu zaman kansu, to maƙala biyu gare ka. Amma kada ka yanyanka sakamako guda gida huɗu don jerin wallafe-wallafenka ya yi tsawo. Editoci sun san wannan dabara, kuma tana zubar da mutunci.

Bari mu ɗauki misali mu riƙe shi har ƙarshe. A ce wata ɗaliba ta binciki tsargiya, wato fitsarin jini, a tsakanin 'yan firamare na ƙauyukan da ke kusa da madatsar ruwa ta Shagari. Tambayarta: yara nawa ne cikin ɗari ke ɗauke da cutar, kuma shin masu yawan shiga ruwa sun fi kamuwa? Shi ke nan. Tarihin cutar tun zamanin Fir'auna ya tsaya a kundi.

A wannan matakin ne kuma ake zaɓen mujalla, tun ba a fara rubutu ba, domin kowace da nata masu karatu da nata ƙa'idoji. Muna da namu a gida: Sokoto Journal of Veterinary Sciences ga masu nazarin dabbobi, Nigerian Journal of Basic and Applied Sciences ta tsangayar kimiyya, da Sahel Medical Journal ta ɓangaren likitanci. Akwai wasu ɗaruruwa na nahiyar nan a rumbun AJOL, wanda ke aiki tun 1998. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba manazartarka: mujallun da ka fi ambata, can ne ake tattauna batunka. Karanta maƙala uku ko huɗu da suka fito kwanan nan a wadda ka zaɓa, sannan ka sauke ƙa'idojinta na marubuta ka ajiye kusa.

Na uku: gina jikin maƙala. A nan zan daɗe.

Yawancin mujallun kimiyya kashi huɗu suke so: gabatarwa, hanyoyin gudanar da bincike, sakamako, da tattaunawa. Haka ake jera su, amma ba haka ake rubuta su ba. Shawarata, fara da jadawali da zane. Shimfiɗa alƙalumanka a gabanka ka ga labarin da suke bayarwa. Daga nan ka rubuta hanyoyi, sai sakamako, sai tattaunawa, sai gabatarwa. Tsakure da take su ne na ƙarshe.

Sashen hanyoyi shi ne zuciyar shaidar, kuma shi muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ma'auninsa ɗaya ne: in wani mai bincike a Maraɗi ko Zariya ya karanta, zai iya maimaita aikin ba tare da ya kira ka a waya ba? Mu koma ga ɗalibarmu. In ta rubuta cewa an karɓi fitsarin yara an duba, ba ta faɗi komai ba. Makarantu nawa, kuma yaya aka zaɓe su? Ƙuri'a aka yi, ko kuwa waɗanda ke bakin titi aka shiga saboda babur ya fi saurin kaiwa? A wane wata, da damina ko da rani? Da ƙarfe nawa? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, domin ƙwan tsutsar tsargiya sun fi fita a fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, wanda ya karɓa da asuba zai samu ƙasa da abin da ke akwai. Mililita 10 aka tace, ko barin sa aka yi ya kwanta? Wa ya duba a madubin ƙara girma, kuma an sa mutum na biyu ya sake duba wasu? Yara nawa suka ƙi bayarwa? 'Yan mata fa, an same su daidai da maza? Yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda wataƙila su suka fi yini a ruwa, ba sa cikin lissafin. Dole ta faɗi haka da bakinta.

Wasu suna jin cewa faɗin gazawar bincike tona wa kai asiri ne. Ni a wurina shi ne alamar mai gaskiya. In wuta ta ɗauke kwana biyu firji ya mutu ka zubar da wasu samfura, rubuta. Mai tantancewa ya san yanayin da muke aiki. Abin da ba zai yafe ba shi ne ya gano da kansa abin da ka ɓoye.

A sashen sakamako, kawo abin da ka samu kawai, ba sharhi. Kada ka ba da kaso ba tare da adadi ba: kashi 30 cikin ɗari na yara 20 da kashi 30 cikin ɗari na yara 600 ba nauyinsu ɗaya ba. Abin da ke cikin jadawali kada ka sake zayyana shi kaf a rubutu. In kuma sakamakon ya saɓa wa abin da ka yi zato, ka bar shi yadda ya zo. Ina roƙon ku da girman Allah, kada ku gyara alƙaluma. Wanda ya ƙara yara goma da bai gwada ba ya yi shaidar zur, kuma wata rana ana iya raba magani ko a hana shi bisa wannan ƙaryar.

A tattaunawa ne za ka faɗi ma'anar abin da ka gano, ka gwada shi da na waɗanda suka riga ka. A nan akwai wata al'ada da ta yi mana katutu: "wannan ya yi daidai da binciken wane, ya kuma saɓa wa na wane," shafi biyu cur, ba a taɓa cewa don me ba. In adadin da aka samu a Shagari ya fi na wani wuri, mene ne dalili? Kusancin ruwa ne, ko yawan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar, ko an daɗe ba a raba maganin firazikwantel ba? Kuma kada ƙarshen maganarka ya fi ƙarfin hujjarka. Wanda ya binciki makarantu huɗu ba shi da ikon yanke hukunci a kan Arewa gaba ɗaya.

Tsakure kuwa, yawanci kalmomi 250 ne ko ƙasa. Mafi yawan mutane shi kaɗai za su karanta, edita ma da shi yake fara auna ka. Sa alƙaluma na gaske a ciki. Take ya faɗi abin da aka bincika da wurin da aka yi. Fitilun kalmomi su zama waɗanda mai nema zai rubuta a intanet.

Game da Turanci: ba harshenmu ba ne, kuma ba a neman ƙawa a ciki. Gajerun jimloli sun wadatar. Ba wani ya karanta maka kafin ka aika. In ka yi amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen gyaran harshe, mujallu da yawa yanzu suna so a bayyana, kuma ba a sa manhaja cikin marubuta. Duba kowace manazarta da idonka, domin waɗannan manhajoji suna ƙirƙiro sunayen maƙalun da babu su.

Na huɗu: amana.

Mu mutanen Arewa mun san abin da bincike ba izini ke haifarwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Raunin da abin ya yi wa yardar jama'a ya daɗe, har ya shiga cikin dalilan da aka riƙa kawowa lokacin ƙin rigakafin shan inna a 2003. Saboda haka duk binciken da ya shafi mutum sai da izinin kwamitin ɗa'a kafin a fara, kamar yadda Sanarwar Helsinki da dokokin ƙasarmu suka tanada, kuma mujalla za ta nemi lambar izinin. Ba a neman sa bayan an gama. Sallama ga hakimi da maigari wajibi ce a al'adarmu, amma ba ta ɗauke neman yardar uban yaro ko uwarsa, da harshen da suke ji. Yaron da aka samu da cuta kuma a tabbatar ya samu magani.

Sai maganar sunaye. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci suka shimfiɗa ita ce, marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta gaske a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi in an samu matsala. Na san wannan magana tana da nauyi a wurinmu, domin muna da kunya da girmama na gaba. Amma "sa sunana, ni ma in sa naka" ha'inci ne. Haka nan cire sunan ɗalibin da ya sha rana, ko ma'aikacin ɗakin gwaji da ya yi nazarin, zalunci ne. Iyayena malaman jami'a da ke nan, ku gafarce ni, gyaran wannan a hannunmu yake, domin ɗalibi ba zai iya buɗe baki ba. A zauna a yanke jerin sunaye tun farkon aiki.

Satar fasaha ba sai na ja ba. Mujallu suna da manhajar da ke gano ta cikin mintoci. Ka fahimci magana, ka faɗe ta da kalmominka, ka ambaci mai ita.

Na biyar: mujallun bogi.

Wani ɗalibina ya taɓa zuwa ofishina yana murna, an karɓi maƙalarsa kwana uku bayan ya aika. Ya riga ya biya, kuma kuɗin rance ne. Da muka buɗe shafin, ba gyara ko ɗaya, har kuskuren da ke cikin take yana nan. Bayan wani lokaci shafin ya ɓace ɗungurungum. Abin da ya fi ƙona mini rai, aikin yaron mai kyau ne, ga shi kuma ba za a iya kai shi wata mujalla ba tunda an riga an buga.

A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙiro kuwa ya yi su ne kamar na Afirka. Mu ne kasuwar waɗannan mutane, domin sun san ana matsa wa malami ya kawo adadin maƙalu kafin ƙarin girma.

Yaya za ka gane su? Su ne ke fara aiko maka saƙon imel suna yabon ka. Suna alkawarin bugawa cikin mako guda. Mujalla ɗaya tana karɓar komai, daga tiyata har adabi. Ba adireshi tsayayye. Kafin ka aika, nemi sunan mujallar a DOAJ ko Scopus ko AJOL, a shafin rumbun kansa, kada ka yarda da tambarin da suka manna a nasu. Tambayi ma'aikacin laburare. Biyan kuɗi shi kaɗai ba alamar bogi ba ne, akwai mujallun kirki da ke karɓa don kowa ya karanta kyauta. Da yawansu kuma suna da tsarin rangwame ko yafewa ga marubutan ƙasashe irin namu, sai dai ana nema ne lokacin miƙawa. Malaman manyan makarantun gwamnati kuma su bincika tallafin bincike na TETFund a makarantunsu.

Na shida: miƙawa da abin da ke biyo baya.

Bi ƙa'idojin mujalla sau da ƙafa: yawan kalmomi, salon manazarta, girman hotuna. Buɗe lambar ORCID, kyauta ce, kuma tana raba ka da masu suna irin naka. Ku duba Abubakar da Bello nawa ne a zauren nan kaɗai. Rubuta gajeriyar wasiƙar rakiya ga edita, ka faɗi abin da ka gano da dalilin da ya sa ya dace da mujallarsa, ka tabbatar masa ba ka aika wani wuri ba. Mujalla ɗaya ake aika wa a lokaci ɗaya.

Edita zai fara dubawa. Yana iya mayar maka nan take in batun bai shafe su ba. In ya wuce, sai ya tura wa masu tantancewa, galibi biyu ko uku, kuma aikin sa kai suke yi, shi ya sa ake ɗaukar makonni ko watanni. In wata uku ya wuce shiru, tuntuɓa cikin ladabi ba laifi ba ne.

Amsa takan zo da ƙaramin gyara, ko babban gyara, ko ƙi. Wanda aka ce ya yi babban gyara ya yi hamdala, ƙofa a buɗe take. Karanta sharhin, ka ajiye shi kwana biyu zuciya ta huce, sannan ka amsa kowane batu ɗaya bayan ɗaya: ga abin da kuka ce, ga abin da na gyara, ga shafi da layi. Inda ba ka yarda ba, kawo hujja cikin mutunci. In kuma an ƙi, ba a kanka farau ba. A 1937 mujallar Nature ta mayar wa Hans Krebs maƙalarsa kan yadda ƙwayar halitta ke sarrafa abinci ya zama kuzari. Ya kai ta wata mujalla aka buga, kuma a kan wannan aikin aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Yi amfani da sharhin da aka ba ka, ka gyara, ka aika wa ta gaba cikin wata guda, tun gwiwa ba ta yi sanyi ba.

Roƙona na ƙarshe ga ƙannena masu bincike: ranar da maƙalarku ta fito, ku rubuta abin da kuka gano a shafi ɗaya da Hausa, ku kawo wa hakimi da shugaban makaranta da mai kula da asibitin garin da kuka yi aikin. Su suka ba ku ruwan da jinin da lokacin. Wanda kuma yake da kundi a ajiye, ya sauko da shi cikin makon nan ya rubuta tambayarsa a jimla ɗaya.

 Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure malamai su gyara mini.  Yanzu fili naku ne: mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, kuma ina so a fara da ɗalibai, musamman 'yan'uwanmu mata da ke zaune a baya.